Fil a Kan Ganyen Zogale

A Masaƙar Gamzaki da ke Sharaɗa ba a buga atamfa sai an tambayi kasuwa, ita kuwa kasuwa da fil take ba da amsa.

Idan Sallah ta matso, ɗakin zane zai fitar da sababbin samfura, a rataye su a igiya cikin doguwar rumfar da ke bayan ofis, ba tare da sunan wanda ya zana ba. Sai manyan 'yan Kantin Kwari su yi mako guda suna zuwa dubawa. Wanda wani samfur ya kwanta masa a rai zai ba da ɗan kafin alƙalami, a miƙa masa fil ya soka a jikin ƙyallen. Fil ɗin nan alkawari ne daga masaƙa: ranar da kaya suka fito, dilarsa tana nan a farashin yau, ko da kasuwa ta yi sama. In kuwa ranar ta zo ya ga ba ya so, babu dole, sai dai kafin alƙalaminsa ya zama na masaƙa. Abin da ake bayarwar bai taka kara ya karya ba a wurin irin waɗannan mutane. Masaƙa ce ke cin moriyar abin, don samfurin da fil ya taru a kansa shi ake sassaƙawa a jikin rolar injin bugu a buga, wanda aka bari fayau kuma a naɗe shi a jefa sito.

Mai karanta fil ɗin shi ne Ɗahiru, akawun sayarwa, saurayi dogo mai yawan murmushi. Ya san wanda ke sokawa da sassafe don ya riga kowa, ya san wanda ke ta zagaye yana yatsina fuska sannan ya soka a can ƙasan ƙyalle inda abokin hamayya ba zai gani ba. Daga irin wannan yake gane ko kasuwa na cikin zumuɗi ne ko tsoro, ya je ya gaya wa manaja, Alhaji Lawal.

A shekarar da aka canja kuɗi, rini ya yi wuya. Takardar izinin shigo da kaya ta zama sai wane da wane. Daga Bompai har Challawa, kullum sai ka ji an sallami mutane. Ran nan Alhaji Lawal ya tara su ya ce rinin da ya rage a sito na zane ɗaya ne tak, kuma daga ƙarshen wata ɗakin zane ba zai ɗauki mutum biyu ba.

"Ni ba zan zaɓa ba," in ji shi. "Wanda kasuwa ta ɗauki nasa, shi zai zauna. Kuma maganar nan kada ta fita ƙofar masaƙa, kada Kwari ta ce mun durƙushe."

Mutum biyun su ne Baba Gwadabe da Rakiya. Baba Gwadabe tun ana aza tubalin masaƙar yake nan, ya yi furfura a kan teburinsa. Na bana nasa shuɗi ne mai duhu da ɗige-ɗige kamar jikin zabuwa. Rakiya kuwa bara ta zo daga Zariya inda ta yi karatun zane, kuma tun ranar da ta ɗago kai ta tambayi Ɗahiru ko yana da reza ta fere fensir, zuciyarsa ba ta sake zama tasa ba. Nata ganyen zogale ne kore shar, a warwatse a kan ruwan ɗorawa kamar iska ce ta kaɗo su yanzun nan. Duk lokacin da Ɗahiru ya kalle shi sai ya ji kamar ya yi kuka don daɗi. Manyansa sun riga sun kai gaisuwa gidan su Rakiya a Gwale, sa rana kawai ya rage.

Ranar da aka rataye samfura, shi aka aika Kwari ya sanar. Ya ƙare da shagon Hajiya Binta, wadda rabin dillalan gidajen birni a wurinta suke sari.

"A'a, ga akawun Gamzaki! Shigo. Kai Ɗahiru, me ya same ka kake ta sheƙi kamar an goge ka da man shanu?"

"Lafiya ƙalau, Hajiya. Samfura ne suka fito, Alhaji ya ce a sanar da ku."

"Rabu da ni da samfura. An ce mini an kai maka gaisuwa Gwale. Ƙarya ne?"

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Ahaf! 'Yar wane gida ce?"

"A wajenmu take aiki, Hajiya. A ɗakin zane."

"Mace? Mace ke zana mana atamfa muna nan ba mu sani ba? Ikon Allah! To cikin na bana akwai nata?"

Ɗahiru ya san ƙa'ida sarai, shi ne ma mai tsaronta. Amma wanda so ya cika wa ƙirji, sunan masoyi garwashi ne a bakinsa, ba ya iya riƙewa. Ba niyyar cutar kowa ya yi ba. So kawai yake wani mahaluki a duniya ya kalli ganyen nan ya san hannun da ya zana su.

"Idan kun je ku dubi mai ganyen zogale," ya ce da ƙaramar murya. "Ban ce komai ba fa, Hajiya."

"Ni ma ban ji komai ba, ɗana."

Kafin mako ya raba, ganyen zogale ya yi nauyi da fil har igiya ta lanƙwasa. Alhazai na shigowa, su gaisa da Ɗahiru da fara'ar da ta fi ta kullum, su wuce kai tsaye su soka. Shuɗin Baba Gwadabe kuwa sai 'yan tsiraru a gefe. Wani abu ya ɗan taɓa zuciyar Ɗahiru, don bai taɓa ganin 'yan Kwari sun soka fil ba su ja ƙyalle sun ɗaga shi a rana sun kushe shi ba. Amma ya ce wa kansa abu mai kyau ba ya bukatar dogon bincike. Ya shiga ofis ya ce wa Alhaji Lawal kasuwa ta yi magana, kuma bai taɓa jin ta ɗaga murya irin haka ba.

Alhaji ya fito ya gani da idonsa, ya jinjina kai. Ya ce a shirya rola.

Da yammacin ranar Rakiya ta tsaya a bakin rumfar, ta rufe baki da gefen gyalenta, idanunta sun cika.

"Akawu, ka san abin da ya fi yi mini daɗi?" Haka take kiransa in tana cikin nishaɗi. "Ba su san nawa ba ne. Ba su san mace ba ce, ba su san yarinya ba ce. Ido kawai ya gani ya so. Yayana da ke cewa na je Zariya koyon wasan yara, yau zan ga bakinsa."

Sai kuma fuskarta ta canja. "Baba Gwadabe ne kawai. Wallahi ba na iya haɗa ido da shi."

"Kasuwa ce ta zaɓa, ba ke ba," in ji Ɗahiru. Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, don a lokacin haka ya yi imani.

Washegari ya koma Kwari kai wa wani alhaji saƙo. Hajiya Binta ta hango shi ta ƙwala masa kira tun daga nesa.

"Ango! Ango, zo nan! Ka ga aikinmu ko? Layin nan kaf sai da na bi, shago-shago. Na ce yaron nan shekara da shekaru yana yi mana hidima, ko goro bai taɓa roƙa ba, yau ga ranar kara. Har Alhajin can mai maƙo sai da na sa ya soka."

Ɗahiru ya dube ta. "Kara, Hajiya?"

"To da mene ne? Gudummawar biki ce, ka riƙe, amarya ta ji daɗi."

"Amma ai za ku ɗauki kayan in sun fito?"

Ta yi dariya har tana dafa dilar da take zaune a kai. "Ruwan ɗorawa? Bana? Haba ɗana, kamar ba kai ke karanta mu ba. Mata sun sha rana a layin banki, wadda ta samu ta sayi turmi ɗaya ta gode Allah. Mai duhu za ta nema, wanda ba ya nuna dauɗa, ta yi Sallah da shi, ta je suna, ta je gaisuwar mutuwa. Mai jikin zabuwar nan muke jira. Wannan kam ko makaho ya shafa ya san hannun Gwadabe ne."

"To me ya sa ba ku soka masa ba?"

"Na Gwadabe yana bukatar fil ne? Shekara nawa ana buga nasa? Ai mun san duka biyun za ku buga kamar kullum. Farashi kuwa, muna da kai a ciki, ango ba zai manta da masu yi masa kara ba." Ta dube shi da kyau. "Lafiya? Ka yi wani fari."

"Rana ce, Hajiya."

Bai san yadda ya tuƙa kekensa ya koma Sharaɗa ba. A hanya ya riƙa yi wa kansa huɗuba. Wa ya sani, watakila in kayan suka fito mata su gani su so. Ba shi ya ce a soka ba. Kalma nawa ma ya faɗa? Amma duk inda ya juya maganar, sai ta dawo ta tsaya masa a wuya: rinin ƙarshe za a zuba a kan abin da babu mai ɗauka, kuma za a sallami dattijo saboda ƙaryar da shi Ɗahiru ya kai ofis da bakinsa. In kuwa ya faɗi gaskiya, Rakiya ce za ta tafi. Ya wuce ƙofar Alhaji Lawal, ya rage tafiya, ya ji muryarsa a waya, ya wuce. Ranar ba ta ƙare ba sai da ya sake wucewa, bai shiga ba.

Kwana ɗaya ya wuce, wani ya bi bayansa. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. A masallacin masaƙa ya riƙa zaɓar sahun da ba zai tsaya kusa da Baba Gwadabe ba.

Ana gobe za a fara sassaƙa rola, aka aike shi ɗakin zane karɓo asalin zanen. Rakiya ba ta nan. Baba Gwadabe ne kaɗai, yana goge burusoshinsa ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a tsohon gwangwanin madara.

"Shigo mana, ɓarawo," in ji dattijon da fara'a. Da yake jika ya ɗauki Rakiya, kullum cikin tsokanarsu yake. "Kai ka ƙwace mini mata, ita ta ƙwace mini kujera. Ku dai kun haɗa baki, Allah ya isa tsakanina da ku."

Dariya yake yi. Ɗahiru ya yi ƙoƙarin tayawa, abin ya ƙi fita.

"Baba, ina za ku nufa?"

"An ce wata majema a Challawa tana neman mai gadi. Wari ne dai, amma hanci yana sabawa. Yara biyu suna sakandare, ba a zama." Ya ɗaga wani burushi a haske ya duba bakinsa. "Kada ka sa damuwa, ɗana, na ga kwana biyu kana gudu na. Kai me ka yi? Abin da ka gani ka faɗa. Ni da na ɗauka na san zuciyar matan Kano, ashe ido ya tsufa ban sani ba. Wannan ne kawai ya ɗan yi mini ciwo. Amma kasuwa ba ta yi wa kowa ƙarya."

Ɗahiru ya fita bai ɗauki abin da aka aiko shi ɗauka ba.

Ya sami Rakiya a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin rini, inda kwata ke gudu yau ja gobe shuɗi. Tana cin dafaffiyar gyaɗa, ta miƙo masa. Bai karɓa ba. Ya tsuguna a gabanta kamar mai neman gafara wurin mahaifi, ya faɗa mata duka, tun daga shagon Hajiya Binta har gwangwanin madara. Bai ɗaga kai ba sai da ya gama.

Ba ta yi kuka ba, shi kuwa kukan ya fi so. Ta kalli gyaɗar da ke tafin hannunta.

"Yaushe ka sani?"

"Shekaranjiya."

"Shekaranjiya." Ta maimaita a hankali. "Jiya ka raka ni bakin titi ina ba ka labarin zanen da zan yi na babbar Sallah, kana cewa madalla."

"Rakiya, tsoro nake kada ki..."

"An taɓa rolar?"

"Sai gobe."

Ta zubar da gyaɗar, ta karkaɗe hannu, ta gyara gyale. "Tashi, Malam Ɗahiru."

Alhaji Lawal ya saurare su bai katse ba. Da Ɗahiru ya kai ƙarshe, sai ya cire tabarau ya ajiye, ya murza idanu.

"Ka san abin da ka kusa yi? Mutum nawa ke cin abinci a injin nan? Da mun buga, kaya sun kwanta a sito, ba Gwadabe kaɗai zai tafi ba, har mai shara sai ya tafi, ni ma in bi bayansu."

"Na sani, Alhaji. Ku yi haƙuri. Ko za a cire fil ɗin a sake ratayewa, a gaya musu ɗaya za a buga?"

"A sake ratayewa? Yanzu akwai wanda bai san nata ba a Kwari? In sun soka mata, kara ce. In sun ƙi, sun kunyata ango. Ka zuba ƙasa a rijiyar da muke sha, sannan ka ce a sake ɗebowa." Ya ja tsaki. "Binta ba ta sayen abin da ba ta sayarwa. Abin da ta gaya maka a bayan ido shi ne gaskiyar kasuwa. Na Gwadabe za a buga."

"To ni a sallame ni, Alhaji. A bar su su biyun. Ni na yi laifin."

"Kai za ka zana mini atamfa ko ita za ta zagaya mini Kwari? Ba hukunci nake rabawa ba, aiki ne babu. Kana nan, amma ka bar rumfa, ka koma sito." Ya juya ga Rakiya, muryarsa ta sauko. "'Yata, ki gafarce mu. In rini ya samu, ni da kaina zan aika Gwale."

"Ba komai, Alhaji. Na gode. Roƙona ɗaya, kada a gaya wa Baba yadda aka yi. A ce masa kawai an sake shawara."

Jiniyar tashi ta yi kuka. Ma'aikatan safe suka ɓarko ƙofa da kekuna, na yamma suna kutsawa ciki, masu ƙosai da masu rake suna ta kira. Ɗahiru ya bi bayan Rakiya cikin turmutsitsin har bakin titi, bai san da wace kalma zai fara ba. Ita ce ta juyo.

"Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma don Allah kada ka lallashe ni. Cikinsu duka, akwai ko mutum ɗaya da ya soka don ya so shi?"

Ya rufe ido ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Aikinsa ke nan, abin da ya fi kowa iyawa.

"Akwai wani baƙo daga Damagaram," ya ce. "Ya daɗe a gabansa. Ya shafa, ya ja baya, ya dawo. Shi kam kamar..."

"Ya sani ko bai sani ba?"

Ɗahiru ya buɗe ido. "A shagon Hajiya Binta yake sauke kayansa. Ban sani ba, Rakiya. Wallahi ban sani ba."

Sai a lokacin hawayen suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Ka ga abin da ka ɗauke mini ke nan. Aikin ba komai, Allah na nan. Da ka bar ni na faɗi da ƙafata, da na san inda zan gyara. Da na ci, da na san na ci. Yanzu ko a mafarki na ga ganyen nan, ban san ko yana da kyau ba."

"Yana da kyau. Na rantse yana da kyau."

"Kai ai dole ka ce haka."

Wata hayis ta tsaya, kwandasta na dukan ƙofa yana kiran Gwale da Mandawari. Ta sa ƙafa ɗaya, ta tsaya.

"Ka gaya wa su kawunka kada su zo maganar sa rana ranar Juma'ar nan."

"Sai yaushe?"

"Ban ce kada su zo ba. Na ce ba wannan Juma'ar ba."

Motar ta ja. Yana nan tsaye hayaƙinta na dukan fuskarsa, sai ya ji an riƙo hannunsa ta baya da hannu biyu. Baba Gwadabe ne, hularsa ta karkace, yana haki don sauri.

"Ɗahiru! Ɗan albarka! Yanzu Alhaji ya kira ni. Ya ƙi gaya mini komai, amma masinja ya ce kai ka shiga ka yi magana. A kan matarka fa, ɗana! Wa zai yi wannan a zamanin nan?" Ya ƙara matse hannun. "Allah ya saka maka da alheri. Allah ya ba ka 'ya'ya masu yi maka abin da ka yi mini."

Mutane suna wucewa, wasu sun tsaya suna kallo. Dattijon bai saki hannun ba, yana jiran amsa.

"Amin, Baba," in ji Ɗahiru, idonsa a ƙasa.